Ruwa a Ƙarƙashin Daɓe: Hunturun Farko na Wata Mazauniyar Jirgin Kanal a Landan

## Asalin lamarin

A Ingila da Wales akwai hanyoyin ruwa masu tsawon kusan mil 2,000 da hukumar Canal & River Trust ke kula da su tun 2012. Yawancinsu kanal ne da aka haƙa da hannu sama da shekara 200 da suka wuce domin jigilar kwal da ƙarfe da sauran kayan masana'antu, a zamanin da doki ke jan jirgi daga bakin gaɓa. Jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace cinikin, ruwan kuwa yana nan. A yau dubban mutane a cikin waɗannan jirage suke kwana suke tashi, wasu don sha'awa, wasu kuma, musamman a Landan, don kuɗin haya ya fi ƙarfin albashinsu.

Matar da wannan nazari ya shafa tana cikin kashi na biyu. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a yammacin Landan, aikinta na awa 12 ne a jere, wani lokaci da rana, wani lokaci da dare. Idan aka haɗa da zuwa da dawowa, takan yi awa 14 ba ta gida. A riƙe wannan, domin zai yi tasiri a gaba.

Jirgin da ta saya irin siririn nan ne da aka ƙera daidai da faɗin ƙofofin ruwan da jirage ke ratsawa a kanal na tsakiyar Ingila: faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, tsawonsa ƙafa 57. Jikinsa duk ƙarfe ne, kaurin gindinsa milimita 10, gefuna milimita 6, rufi milimita 4, kamar yadda aka saba. An ƙera shi a shekarun 1990, lokacin da magina da yawa ke cusa farin soso mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon firji, tsakanin ƙarfe da katakon ciki domin tare sanyi. Tagoginsa gilashi ɗaya ne a cikin firam na alminiyam. A gaba akwai tankin ruwan sha da murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, a tsakiya kicin mai gas da banɗaki, a baya ɗakin kwana, sannan inji.

Ba ta da matsaya ta dindindin, domin hayar matsaya a Landan ta kusa kai hayar ɗaki, kuma samunta ma sai an sha jira. Lasisin masu yawo ta yanka. Wata dokar Birtaniya ta 1995 ta yarda mutum ya zauna a ruwa ba tare da matsaya ba, da sharaɗin kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma tafiyar ta zama ta gaskiya. Saboda haka duk mako biyu tana kwance igiya ta matsa gaba a kan kanal ɗin Grand Union, daga Rickmansworth zuwa Uxbridge, ta bi reshen da ya ratsa Southall da Greenford har Little Venice. Mai irin wannan lasisi ba shi da wutar layi. Wutarsa daga batir take, batir kuma daga inji da farantin sola. Nata batir uku ne na dalma, kowanne amfiya-awa 110 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa).

## Yuni zuwa Satumba 2022: lokacin da komai yake a bushe

Ta karɓi jirgin a watan Yuni. Mai sayarwa ya nuna mata takardar binciken jikin jirgin da aka yi shekara uku kafin nan, da takardar lafiyar jirgi wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu, wadda saura shekara biyu ta ƙare. Ba ta sa an ɗaga jirgin an sake dubawa ba, saboda kuɗin da ya rage mata bai kai ba. Ta shiga ta shinshina, ta buɗe kabad-kabad, ta ɗaga katifa, ba wari ba tabo.

Shekarar ba irin sauran ba ce. Ranar 19 ga Yuli aka auna zafin digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, karo na farko da Birtaniya ta haura 40, a watan Agusta kuma aka ayyana fari a sassa da dama na Ingila, har da yankin Landan. Tagoginta a buɗe suke dare da rana, sola na cika batir kafin azahar. A wannan lokaci abu ɗaya ne ta lura da shi ba ta ba shi muhimmanci ba: cikin dare, ba wanda ya buɗe famfo, injin da ke tura ruwa daga tanki yakan yi ƙara na daƙiƙa biyu ko uku ya yi shiru. Ta ɗauka haka halinsa yake.

## Oktoba: alamun farko

Da dare ya fara sanyi, tagogi suka fara wayar gari sharkaf, ruwa na bin firam yana ɗiga kan katako. Wannan kowa a kanal ya san shi, ta riƙa gogewa da tawul ta shanya tawul ɗin a ciki. Kafin wata ya ƙare sai fumfuna ta fito a ƙasan katifa, baƙa-baƙa, ta kuma kama takalma da jakar fata a kabad ɗin da ke jingine da bangon jirgi. Kayan sawa suka ɗauki wari.

Ta sayi ƙaramin ma'aunin danshi. Da asuba yakan nuna kashi 85 zuwa 90 cikin 100. Abin da ake so a ɗakin da mutum ke zaune bai wuce 40 zuwa 60 ba.

Murhun ba ta cika hura shi ba. Kwal ya yi tsada a shekarar, kamar duk wani makamashi bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine, don haka itacen da ta tsinta a bakin kanal take sawa, ɗanye ko jiƙaƙƙe. Yana ci da hayaƙi, ya ɗumama gaban jirgin na awa biyu ko uku, ya mutu. Ɗakin kwana yana can baya, kusan mita 10 daga murhun, ɗumin ba ya isa can.

A makon ƙarshe na watan, wani maƙwabci da suka ɗaure jiragensu kusa da juna ya tambaye ta ko ta taɓa leƙa ƙarƙashin daɓe. Ba ta san ana leƙawa ba. A irin waɗannan jirage, tsakanin katakon da ake takawa da ƙarfen gindi akwai rata ta 'yan inci, an jera tubala ko falankin kankare a ciki domin jirgi ya zauna daidai a ruwa. Jirgin yakan ɗan rinjaya baya, saboda haka duk ruwan da ya shiga wannan rata a hankali yake gangarawa ya taru a ƙarshen ɗakin kwana, inda bangon ƙarfe ya raba shi da wurin inji. Nata jirgin ba shi da murfin dubawa. Maƙwabcin ya yanka mata rami mai faɗin tafin hannu biyu a ƙarƙashin matakalar baya. Suka tarar da ruwa mai launin tsatsa, zurfinsa kusan inci biyu. Da famfon hannu da bokiti ta kwashe kimanin lita 60. Bayan kwana huɗu wani ya taru, ko da yake bai kai na farko ba.

## Farkon Nuwamba: zargin jikin jirgi

Wanda yake zaune a kan ruwa ya ga ruwa a ƙarƙashin gadonsa, tunaninsa na farko shi ne jirgi ya huje. Ita ma haka. A teku da sai a ɗanɗana a ji ko da gishiri, amma ruwan kanal ba shi da gishiri, kuma ba a kai shi baki, saboda cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa a cikinsa. Ruwan da ya kwanta a kan tsatsa da tubali kuwa launinsa ɗaya ne ko daga ina ya fito.

Ta daina samun barci. Ta nemi gurbi a wani wurin ɗaga jirage, ta ci sa'a wani ya fasa, ta karɓi nasa. Aka fitar da jirgin, aka wanke shi da ruwa mai ƙarfi, mai binciken jirage ya bi shi da na'urar auna kaurin ƙarfe da guduma. Sakamakon: gindi bai ragu sosai daga milimita 10 ɗinsa ba, gefuna suna sama da 5, akwai 'yan ramukan tsatsa a daidai layin ruwa amma babu mai zurfin da zai sa a kira mai walda. Kamfanonin inshora da yawa sukan fara damuwa ne idan kauri ya sauka ƙasa da milimita 4. Jirgin lafiyarsa ƙalau.

Tunda an riga an fitar da shi, ta sa aka shafa masa baƙin fentin kwalta da akan sabunta duk shekara biyu ko uku. Ɗagawa da bincike da fenti suka cinye ɗaruruwan fam, kusan duk abin da ta ware domin hunturu. Mai binciken ya faɗa mata da baki cewa a yawancin jiragen da yake gani, ruwan ƙarƙashin daɓe daga cikin gida yake fitowa, ta duba bututu da tagogi. Ta ji, amma hankalinta yana kan cewa ba za ta nutse ba. Jirgi ya koma ruwa, aka shiga ruwan sama na Nuwamba, wanda ya yi yawa a kudancin Ingila a shekarar. Ramin baya ya ci gaba da taruwa, lita 10 zuwa 15 a mako.

## Tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba: na'ura, hita da toshe kafofi

Daga nan ta karkata ga cewa gumin ƙarfe ne duka, ta tunkare shi da dabarun gidan ƙasa.

Na farko, ta sayi na'urar tsotse danshi mai aiki da lantarki. Na'urar tana cin wat 200 ko kusa da haka. A gidan da ke da wutar layi wannan ba komai ba ne. A jirgi, ta hanyar inbata, wat 200 na nufin jan amfiya 18 zuwa 20 daga batir mai bolt 12. Batir uku masu 110 sun haɗa 330, amma batir na dalma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, wato abin amfani 165 ne kawai. Na'urar ita kaɗai za ta shanye wannan cikin awa takwas, ban da firji da fitilu da cajin waya. Sola kuwa ta riga ta yi sallama: a ƙarshen Disamba hasken rana a Landan bai cika awa takwas ba, ranar tana can ƙasa-ƙasa, bishiyoyi da gine-gine sun tare ta. Sai inji, kuma ƙa'idar lasisi ta hana kunna inji ko janareta a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Mai fita kafin 7 ta dawo bayan 8 ba ta da lokacin caji a ranakun da take aikin rana. Cikin mako uku batiran suna wayar gari ƙasa da bolt 12, kuma batir na dalma da ya daɗe a sauke ba ya komawa yadda yake. Ga shi irin wannan na'ura mai kwamfireso ba ta tsotsar abin kirki idan ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 10. Abin da take tarawa a dare bai cika kofi biyu ba.

Na biyu, ta toshe kafofin iska. A rufin jirgin akwai kafofi huɗu masu hular tagulla, a ƙasan ƙofofin gaba da baya kuma akwai raga. Ta nan sanyi ke shigowa, ana jinsa a ƙafa. Ta cusa tsumma a na rufi, ta manne na ƙofa da kwali da salatif.

Na uku, wata abokiyar aiki ta ara mata hita mai tayoyi da ke aiki da tukunyar gas, marar bututun hayaƙi. Ta ajiye ta a ƙofar ɗakin kwana. Ɗumi ya samu nan take, karo na farko tun Oktoba.

Sai dai ma'aunin danshi ya haura 90 ya zauna. Ruwa ya fara ɗiga daga kan kusoshin silin, fumfuna ta hau bangon banɗaki. Lissafin ba mai wuya ba ne. Duk kilo ɗaya na gas da aka ƙona yana sakin fiye da lita ɗaya da rabi na ruwa a cikin iska. Cikin jirgin gaba ɗaya bai wuce mita kubik 40 (ma'aunin girman sarari) ba, iska mai ɗumin digiri 20 kuma ba ta iya riƙe fiye da giram 17 na ruwa a kowace mita kubik, wato duk iskar jirgin ba ta ɗaukar ko lita ɗaya. Ragowar dole ta sauka a wani wuri, kuma wuri mafi sanyi take nema, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi a watan Afrilu. A jirgi wurin nan shi ne gilashi, da firam, da ƙarfen da ke ƙasa da layin ruwa, wanda sanyinsa daidai yake da na kanal. A ƙara da numfashin mutum, da girki, da wanka, da tawul ɗin da ake shanyawa a ciki, duk a ɗakin da aka toshe.

## 8 zuwa 19 ga Disamba: ƙanƙara da ƙararrawa

Daga wajen 8 ga Disamba sanyi mai tsanani ya sauka a Birtaniya, ya yi kwana goma. Daren 11 ga wata dusar ƙanƙara ta rufe Landan. Kanal ya daskare, jirginta ya maƙale a wajen gari, nesa da famfon cika tanki. A irin wannan hali hukumar ba ta matsa wa kowa ya motsa, kuma tuƙi cikin ƙanƙara yana kankare sabon fenti. Jirgin da ke yawo yana sayar da kwal da gas da dizal bai iso a kan lokacinsa ba. Tanki ya ƙare a rana ta biyar, ta koma ɗauko ruwan gora daga kanti.

A ɗaya daga cikin waɗannan darare ta hura murhu, ta kwashe toka mai sauran garwashi a bokitin ƙarfe ta ajiye shi a ciki saboda ƙofar gaba ta daskare, ta kunna hitar gas, ta kwanta da ciwon kai da ta ɗora wa gajiya. Wajen ƙarfe uku ƙararrawar iskar kabon monoksaid ta tashe ta.

Tun 1 ga Afrilu 2019 tsarin duba lafiyar jirage ya wajabta wannan ƙararrawa a duk jirgin da ke da ɗakin zama, bayan mace-mace da aka yi, ciki har da uwa da 'yarta da hayaƙin janareta ya kashe a tafkin Windermere a 2013. Iskar ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau 200 da ɗoriya. An tsara ƙararrawar ta yi kuka cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi idan iskar ta kai kashi 50 cikin miliyan, cikin minti uku idan ta kai 300. Ita ce dai iskar da ke hallaka iyalai a ƙasar Hausa idan an kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko an shigar da janareta cikin gida saboda ɓarayi.

Aikinta ya sa ta san abin yi. Ta kashe hita, ta buɗe ƙofar baya da tagogi, ta fita, ta je aka duba jininta. Ba ta yi nisa ba, aka sallame ta da safe. A ranar ta cire tsumma da kwali, ta fitar da bokitin toka, ta mayar da hitar ga mai ita. Kwanakin da suka rage na sanyin a gidan ƙawa ta yi su, jirgin ba wuta ba kowa.

Ranar 18 zuwa 19 ga wata yanayi ya juya da sauri, ƙanƙara ta narke. Ta cika tanki, ta kunna injin tura ruwa, sai ya ƙi tsayawa. Cikin rabin awa ruwa ya bayyana a ramin baya, wannan karon fari tas.

## Janairu 2023: rarrabe ruwan gida uku

Wata dattijuwa da ta haura shekara 20 a kanal, wadda jirginta ke ɗaure a gaba, ita ta zauna da ita suka bi abin daki-daki. Shawararta ita ce a daina neman dalili ɗaya, a gwada kowace hanya da ruwa zai iya bi, ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da aka gani.

Suka fara da bututu. A ƙarƙashin gado akwai tankin ruwan zafi wanda inji ke ɗumamawa. Mahaɗin bututun da ke shiga cikinsa ya tsage, ƙanƙara ce ta buɗe shi. Amma katakon da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi ya ruɓe, ga farin gishirin ruwa ya daskare a jikin mahaɗin, abin da ba ya faruwa cikin mako ɗaya. Mahaɗin ya daɗe yana ɗiga. Ƙarar nan ta daƙiƙa biyu da take ji tun Yuli ita ce shaidarsa: injin yana tashi ne idan matsin ruwa a bututu ya sauka, matsi kuma ba ya sauka sai ruwa ya sami mafita. Sabon mahaɗi bai kai fam 10 ba. Bayan an sa shi, ta kwashe ramin, ta busar da shi, ta zuba launin abinci shuɗi a tanki. Mako guda babu shuɗi a ramin, injin kuma ya daina tashi da dare.

Ruwa bai daina zuwa gaba ɗaya ba, amma ya sauka zuwa lita 3 ko 4 a mako, kuma littafinta ya nuna yana ƙaruwa kwana biyu bayan an yi ruwan sama. Suka koma kan tagogi. A ranar da gari ya bushe, ta cire katakon da ke ƙarƙashin kowace taga, ta manna takardar goge hannu a jikin ƙarfe, dattijuwar na zuba ruwa da buta daga waje. Biyu daga cikin takwas suka jiƙa takarda. Abin da aka liƙe firam ɗinsu da shi ya bushe ya tsattsage, tsatsa ta shiga tsakani ta ɗaga firam. A hunturu ba a cire taga, saboda haka ta rufe su da tef mai hana ruwa zuwa lokacin zafi. Ta kuma zare ganye da datti daga 'yan ramukan da ke ƙasan kowane firam, waɗanda aikinsu fitar da gumin gilashi waje.

Saura gumi, wanda shi ne uban fumfunar. A nan aka canza yadda ake zaman jirgin. Ta daina tsintar itace, ta koma dunƙulen kwal marar hayaƙi, buhu mai kilo 25, kimanin biyu a mako. Aka share bututun hayaƙi, wanda ɗanyen itace ya cika da baƙin danƙo har ya rage masa faɗi, aka sabunta igiyar da ke liƙe ƙofar murhu. Dattijuwar ta koya mata yadda ake cika murhu a rufe masa iska saura kaɗan, ya riƙa ci a hankali. Barin wuta ba kowa a jirgi yana da nasa haɗarin, don haka kafin ta fara sai da ta sa aka cire tayil ɗin bayan murhu aka tabbatar akwai allon da ba ya cin wuta tsakaninsa da katako. Ba kullum wutar ke kai awa 14 ba, amma ko ta mutu, jirgin bai gama hucewa ba. Murhu mai bututu yana da wata fa'ida da hitar gas ba ta da ita: ruwan da ƙuna ke haifarwa ta bututu yake fita, kuma wutar tana jan iskar ɗaki ta fitar, sabuwa ta shigo ta kafofin ƙofa. Iskar waje mai digiri 0 ba ta riƙe ko giram 5 na ruwa a mita kubik, ko da ana yayyafi. Idan ta shigo ta ɗumama, busasshiya ce.

Sauran ƙanana ne. Fanka mai juyawa da zafin murhu domin tura ɗumi baya. Ledar roba mai haske a kan tagogi daga ciki, ta zama kamar gilashi na biyu. An huda katakon gado an sa sanduna domin iska ta ratsa ƙarƙashin katifa. Murfi a kan tukunya, taga a buɗe lokacin girki da wanka, wanki a shagon wanki a busar a can. Katifar kanta ba ta gyaru ba, an jefar.

## Fabrairu 2023 zuwa hunturu na biyu

Kafin ƙarshen Fabrairu ma'aunin danshi yana tsakanin 55 da 65 a gaban jirgi, 70 a ɗakin kwana da asuba. Tubalan ƙarƙashin daɓe sun sha ruwa na watanni, sun kuma ɗauki watanni suna sakinsa, don haka ta bar ramin baya a buɗe, ta yanka na biyu a cikin kabad ɗin kicin domin iska ta ratsa. A watan Mayu ta sayi sabbin batir uku, tsofaffin ba sa riƙe caji. A Yuni aka cire tagogin nan biyu, aka kankare tsatsa, aka yi fenti, aka mayar da su a kan sabon liƙi. Ta naɗe bututun ruwa da soso, ta kuma koyi kashe injin tura ruwa da buɗe famfuna duk lokacin da za ta kwana a waje cikin sanyi.

A hunturun 2023 zuwa 2024 fumfuna ba ta dawo ba. Tagogi suna ɗan gumi a firam, ramin baya yana tara lita ɗaya ko biyu a wata a Disamba da Janairu, soso ɗaya ke kwashe shi.

## Abin da lamarin ya nuna

Ruwan daga wuri uku yake, kuma kowanne ya ɓoye ɗan'uwansa. Mahaɗin bututu shi ya kawo mafi yawan abin da ke ƙarƙashin daɓe, tagogi suka ƙara, gumi kuma shi ya lalata katifa da kaya. Duk lokacin da ta ɗora laifin a kan abu ɗaya, sauran biyun suka ci gaba da aikinsu, sai ta ga kamar maganin ne bai yi ba.

A ganina babbar asarar kuɗi ta zo ne daga jerin da aka bi wajen gwaji. Kashe injin tura ruwa na kwana uku a ga ko ramin zai daina taruwa ba ya cin ko kwabo, kuma da an yi shi a Oktoba da an kama mahaɗin kafin a kai ga ɗaga jirgi. Ba zan ce ɗagawar banza ce ba, domin jirgi mai shekara kusan 30 da ba a duba ba lokacin saye yana bukatarta, fentin ma lokacinsa ya yi. Amma ta cinye kuɗin kwal a daidai watan da kwal ya fi komai amfani, rashin kwal ɗin kuma shi ya kai ta ga ɗanyen itace da hitar aro. Mai sayar da jirgin ban ga hujjar zarginsa ba. A lokacin fari na 2022 ɗigon da ke ƙarƙashin gado yana iya bushewa kafin ya taru, kuma jirgin ba shi da ramin da za a leƙa.

Na'urar tsotse danshi ba ta da aibi, wurin ne ba nata ba. Masu matsaya da wutar layi suna amfani da ita suna jin daɗi. Toshe kafofin iska kuwa ba shi da wurin da ya dace. An lissafa faɗin kafofin nan ne daidai da murhu da kukar gas da yawan masu kwana a jirgi, kuma tsarin duba lafiyar jirage yana gargaɗi a kan rufe su, kamar yadda yake gargaɗi a kan hita mai tayoyi da ajiye toka mai zafi a ciki. Ta haɗa ukun a dare ɗaya. Abin da ya tsaya tsakaninta da mutuwa na'ura ce da ba ta kai kuɗin buhun kwal biyu ba, wadda dokar 2019 ta sa tsohon mai jirgin ya manna a bango. Ina ganin ya kamata duk mai sayar da jirgi ga sabon shiga ya zauna da shi ya nuna masa waɗannan kafofi da dalilinsu, tun kafin a yi maganar inji.

Matsala ɗaya ba ta warware ba. Farin soson da ke bayan katako ya ja da baya daga ƙarfe a wurare da dama, iska mai ɗumi tana shiga ratar ta yi gumi inda hannu ba ya kaiwa, kuma daga nan lita ɗaya ko biyun nan ke fitowa. Maganinsa shi ne a ɓare cikin jirgin gaba ɗaya a fesa soso mai manne wa ƙarfe, aikin da zai ci dubban fam ya kuma raba ta da gidanta na watanni. Ta zaɓi ta bar shi, tana duba ramin duk ranar da ta kwance igiya, ta kuma nemi a auna kaurin gindin daga ciki, a daidai inda ruwan ya kwanta, idan aka sake ɗaga jirgin domin fenti.